Kwalabe Shida a Tukunyar Kindirmo

Kwana goma bayan Dasara, babban bikin Hindu na shekara, Dakta Mujtaba ya zo gidan Anasuya da hantsi, lokacin da ya kamata a ce yana wurin aiki. Tana zaune a bakin ƙofar kicin tana tsince shinkafa. Ya cire takalmi, ya gaishe ta, ya zauna a ƙasa kusa da ita alhali ga kujera. Ta zuba masa tsala da ɗan gishiri, ya riƙe kofin bai kai baki ba. Nan ta san ba lafiya ba, don tun yana sabon ma'aikaci bai taɓa barin ko ɗigo a kofinta ba.

"Peddamma," ya ce, haka duk ma'aikatan kamfanin suke kiranta, wato babbar uwa. "Irin Madam ya mutu."

Madam ita ce Haima, 'yar Anasuya, ita kaɗai ta haifa. Wata goma ke nan da aka ƙone gawarta bisa al'adarsu aka kai tokarta kogi. Ita ta kafa kamfanin Tangedu a bayan garin Hyderabad, inda ake yin allurar rigakafin ciwon hanta da ake yi wa jarirai, ciwon da ya kashe ubanta tun tana 'yar shekara tara. Anasuya ba ta wuce aji uku ba, amma ta san mene ne irin, don Haima ta yi mata bayani da yaren da za ta gane. Yis ne, irin wanda ke tayar da ƙullu, sai dai Haima ta shekara huɗu tana koya masa wani aiki da babu yis ɗin da ya iya. Ana ajiye shi a 'yan kwalabe kamar ɗan yatsa, cikin wata firiza mai tsananin sanyi. In za a yi magani sai a ɗauko kwalba ɗaya a tashe ta a ƙaramin mazubi, daga nan a juye a babba, har a cika tankin ƙarfe da ya fi ɗaki tsawo. "Kamar kindirmonki ne, Inna," in ji Haima. "Cokali ɗaya na jiya shi ke kama tukunyar yau."

Mujtaba ya ba ta labarin yana kallon kofin. A cikin bikin akwai ranar da ake girmama kayan aiki, kowa ya wanke abin sana'arsa, ya shafa masa kurkum da jan gari, ya rataya masa furanni, ya bar shi ya huta. A kamfani ma haka ake yi duk shekara. Ana juye tankuna a wanke su tas, a fasa kwakwa a gabansu, a ba ma'aikata hutun kwana biyar. Sai dai duk shekara Haima da kanta take zuwa wurin janareta, ta sa masa furanninsa, ta buga masa kafaɗa ta ce, kai kam babu hutu a gare ka, sannan ta ɗaura makullin ɗakin a bakin zaninta. Ba ta taɓa rubuta wannan a ko'ina ba, don ba ta zaci akwai shekarar da ba za ta kasance ba. Bana an ɗauki sabon mai kula da injuna, mutum mai tsoron Allah da son aikinsa. Ya wanke janareta har yana ƙyalli, ya cire masa wayoyin batir don kada ruwa ya taɓa, ya yi masa ado, ya bar shi ya huta kamar sauran. Washegari iska ta kayar da turken wuta a kan hanya. Ƙararrawar firiza ta yi ta kuka a ginin da babu kowa har ta gaji.

Sun gwada tayar da abin da ya rage. Wasu kwalaben ba su motsa ba, waɗanda suka motsa kuma sun gauraya da ƙazanta, abin da za a sa a jikin jariri kuwa ba a yin sa da wataƙila. Mujtaba ya ce in za a sake daga farko sai shekara uku ko huɗu, in ma an dace, kuma masu kuɗi ba za su jira ba. Sarda, abokin Madam a kafa kamfanin, ya kira taro ranar Juma'a, kowa ya san abin da zai faɗa.

Ta ce masa ya sha tsalar. Ya sha, ya tafi.

Bansidhar Sarda shi ne mutum na goma sha biyu da Haima ta je wurinsa bayan ta dawo daga Amurka da digirinta da akwati biyu. Sha ɗayan farko sun ba ta shayi sun raka ta ƙofa. Shi ɗan kasuwar yadi ne a Begum Bazar, bai san komai a kan magani ba, kuma bai ɓoye ba. Mutum ne da ba ya cin nama, ko albasa ba ta shiga gidansa, don haka tambayar da ya fara yi mata ita ce ko wannan yis ɗin yana da jini. Ta ce ba shi da shi. Ya ce to yana da uwa? Ta ce in dai uwa ce, ga ta nan zaune a gabanka. Ya yi dariya har ya ƙware, ya sayar da shagunansa biyu ya zuba a aikin. Shekara goma sha huɗu suka yi suna faɗa. Ita tana ce masa mai awon yadi, shi yana ce mata 'yar mai nono, kuma in wani a waje ya kuskura ya taɓa ɗayansu, sai ya ga su biyun a kansa.

Abu ɗaya ne bai taɓa sassautawa a kai ba. A shekarun farko wani matashin masani ya bar su ya koma wani kamfani da littafin aikinsa a jaka. Sarda ya kai shi kotu, ya sa aka ɗauko babban hoton ma'aikata da ke zauren shiga aka yanke fuskar yaron da reza, aka mayar da hoton da ramin a jiki don kowa ya gani. Daga ranar ya kafa doka: ko takarda ɗaya, ko kwalba ɗaya, ba ta fita ƙofar kamfani. Masu gadi suna buɗe jakar kowa, har kwanon abincin Madam. Sau uku Haima tana roƙonsa a raba irin gida biyu, a ajiye rabi a wani gari. Ya ce abin da ya bar gabansa ya zama na mutane.

Anasuya ta ture farantin shinkafar, ta zauna tana kallon tukwanenta. Akwai abin da ta sani wanda Mujtaba bai sani ba, Sarda ma bai sani ba.

Shekara shida da suka wuce, wata Juma'a, ta kai kindirmo kicin ɗin ma'aikata kamar yadda ta saba duk mako. Tun Haima tana ƙarama da nono da kindirmo ta ciyar da ita, tana yawo da tukunya a ka a lungunan Secunderabad, kuma da 'yar ta zama shugabar kamfani ba ta ga dalilin dainawa ba. Ranar Haima ta karɓi tukunyar da babu komai a ciki ta ce za ta wanke mata, ta dawo da ita a ɗaure da ƙyalle, ta ce, Inna, riƙe, mu je ƙauye mu gaida Kawu. Masu gadi suka buɗe jakar Madam, suka leƙa bayan mota, suka sara wa Peddamma. Wa zai buɗe tukunyar tsohuwa? Sai da suka wuce gari Anasuya ta ji cinyarta tana ƙona don sanyi. Ta kwance ƙyallen ta ga ƙaramin fulas yana fitar da farin hayaƙi.

Haima ba ta ɗauke ido daga titi ba. Ta ce, "Ke kika ce mace mai hankali ba ta ajiye irinta a gida ɗaya. Kin ba maƙwabciyarmu Lacchamma, kin ba matar tela, kin ba har matar Sarda. Ni ma na bi ki." Ta kuma ce kada kowa ya ji, don in Sarda ya ji zai kira shi sata, kuma a takarda satar ce. Za ta lallaɓe shi ya yarda, sannan a gyara komai a rubuce. Ba ta samu ta lallaɓe shi ba. Aiki ya yi yawa, sai ciwon ya zo ya fara da nono ɗaya, ya ƙare da ita gaba ɗaya.

Kwana biyu Anasuya tana juya maganar. An gama sabon gini a kamfani, wata mai zuwa za a kafa sunan Haima a goshinsa da haruffan tagulla. In ta buɗe baki, mai yiwuwa maimakon tagulla a ɗauko reza. Kuma ba ta ma san ko akwai sauran abin da za a samu ba. Shekara shida ba kwana shida ba ce. Ƙanenta Komurayya, wanda suka bar wa ajiyar a ƙauye, ya zo zaman makoki ya koma, bai ta da zancen ba, ita ma ba ta cikin hankalin da za ta tambaya. Za ta iya ɓata sunan 'yarta a kan kwalaben da suka daɗe da mutuwa. Ta tsaya gaban hoton Haima da ke bango da furanninsa, ta tambaye ta. Hoton yana murmushin nan nata na wadda ta riga ta yanke shawara tana jira kawai ka gama magana.

Ranar Juma'a ta ɗauki tukunyarta ta hau bas. Ta ajiye kindirmon a kicin, ta juye, ta wanke tukunyar, ta hau bene da ita a hannu. Ba ta taɓa hawa benen ba tun rasuwar. Sarda yana zaune a ofishinsa da Mujtaba, saura rabin awa a shiga taro. Ya rame, gashin kansa da yake rinawa ya bar shi fari. Ya miƙe ya haɗa hannu ya gaishe ta, ya ce ta zauna. Ta ce tsayuwar ta fi mata.

"Sarda garu," ta ce, da kalmar girmamawa ta yarensu na Telugu, "ka ci kindirmo yau da safe?"

"Anasuya garu, yau ba ranar zancen kindirmo ba ce."

"Ka ci ko ba ka ci ba?"

Ya ce ya ci.

Ta ce to, irin wannan kindirmon daga tukunyar uwarta ya fito, ita ta zo da shi birni ranar aurenta, ita kuma ta ba matarsa cokali ɗaya shekara goma da suka wuce, lokacin da Haima ta ci abinci a gidansu ta ce kindirmonsu kamar ruwan wanki. Da Haima ta rasu, kwana goma sha ɗaya na makoki ba a hura wuta a gidan ba, ba ta kalli tukunya ba, nata irin ya ruɓe. Shekara arba'in da wani abu bai taɓa yankewa ba sai lokacin. Ranar sha biyu matarsa ta aiko da ɗan kwano a rufe. Da wannan ta sake kamawa.

"Da na ce abin da ya bar gabana ya zama na mutane, da yau ba ni da shi," ta ce.

Ya gane da shi take. Fuskarsa ta yi ja. Ya ce ya sani, ya san Haima ta faɗa masa har sau uku, kwana shida ke nan ba abin da yake ji a kunnensa sai wannan, ba sai an hau bene an tuna masa ba.

"Ba tuni na zo yi ba. Akwai kwalabe shida a waje. Ni na fitar da su, a wannan tukunyar, ta gaban masu gadinka."

Mujtaba ya ajiye biron da ke hannunsa. Sarda ya kalli tukunyar, ya kalle ta. Sannan ya tambaye ta a hankali ko ta san sunan wannan abu a wurin hukuma.

"Na sani. In reza za ka ɗauko, ina cikin hoton nan, layi na uku daga gefe, kusa da masu shara. Ka yanke tawa. Ba wanda zai lura."

Ya ce ba ita ta shiga ɗakin firiza ba, ba ta ma san inda yake ba. Ta ce wannan kuma sai ya je kogi ya tambayi mai shi.

Mujtaba ne ya tambayi inda suke. Ta ce a ƙauye, bayan Jangaon, wurin ƙanenta Komurayya. Sarda ya ce wane ne shi, masani ne, yana da ɗakin bincike? Ta ce yana da babur. Aikinsa bin gidaje yana ɗura wa shanu da baunar gida irin bijimai. Sarda ya dafe kai. Amma Mujtaba ya riga ya miƙe tsaye, yana tambayarta ko mutumin yana da tulun ƙarfe mai wuya, wanda in an buɗe yake hayaƙi. Ta ce yana da shi, har biyu. Ya juya ga Sarda ya ce ruwan da ke cikin wannan tulun ya fi firizarsu sanyi nesa ba kusa ba, kuma ba ruwansa da wutar lantarki. Muddin ba a taɓa barin ruwan ya ƙare ba, ko sau ɗaya, cikin shekara shida. Da ya kai wannan maganar ta ƙarshe sai muryarsa ta yi ƙasa.

Sarda ya aika a ce wa masu taro su dawo Litinin. Ya ce a fito da mota.

Awa uku suka yi a hanya. Anasuya tana baya da tukunyarta a cinya, ba ta san dalilin da ya sa ta taho da ita ba. Da suka wuce Bhongir Sarda ya fara magana, ba da kowa yake ba. Wai dukiyar mutum ɗari uku tana kwance tare da irin bijimin bauna. Wai shekara shida tana zama a gabansa tana shan shayinsa tana kiransa mai awon yadi, ashe ta yi masa awo ta yanke. Mujtaba ya kalli taga. Anasuya kuwa tana lissafa abin da ta san ya faru da ƙanenta a shekarun nan. Ya karye a ƙafa sau ɗaya. Ya aurar da 'ya'ya biyu. Kuma mutum ne mai son giyar dabino in an yi girbi.

Ba su same shi ba, ya tafi wata ruga. Matarsa ta shimfiɗa musu gadon igiya a inuwar tsamiya, ta kawo ruwa. Sarda ya zauna a bakin gadon da fararen kayansa, kaji suna yawo a ƙafarsa. Sai bayan azahar suka ji ƙarar babur. Komurayya ya sauka da ƙaramin tulu a ɗaure a baya, hannunsa ɗaya har kafaɗa duk kashin shanu, gashin bakinsa kamar tsintsiya. Ya kalli motar, ya kalli baƙin.

"Akka," ya ce, wato yaya, "manyan mutane kika kawo mini. Baunarsu ce ta ƙi ɗaukar ciki?"

"Wanke hannunka, marar kunya. Ajiyar yarinya muka zo dubawa."

Dariyar ta bar fuskarsa. Ya je rijiya ya wanke hannu da toka har sau biyu, ya canza riga, sannan ya ce su biyo shi. Babban tulun yana ɗakin ciki, kusa da buhunan shinkafa, a kan katako, an naɗe shi da buhu. An ɗiga masa kurkum da jan gari a wuya, ga busassun furannin biki a kai. Sarda ya nuna furannin ya ce wannan ma an ba shi hutu ke nan? Komurayya ya ce wannan ba ya aiki balle ya huta, zama kawai yake yi, kamar masu kuɗi.

Mujtaba ya durƙusa ya tambaye shi ko ruwan ya taɓa ƙarewa. Komurayya ya ce motar ƙungiyar masu madara tana zuwa duk mako biyu ta cika masa. Sau ɗaya direbobi suka yi yajin aiki wata guda, ya ɗauki ƙaramin tulu ya hau bas zuwa Warangal sau huɗu yana ɗebowa yana juyewa. Lokacin da ya karye, a kan keken shanu aka kai shi bakin titi ya tari motar, don bai yarda wani ya taɓa ba. Yarinyar ta gaya masa cewa wannan ba na saniya ba ne, in ya kuskura ya ɗura wa baunar wani za ta aske masa gashin baki da kanta, shi ya sa ya ɗaura wa maƙalin jan zare. Kuma duk ɗaya ga wata sai ta kira shi. Ba gaisuwa, ba komai, sai, Kawu, motar ta zo?

"Kiran ƙarshe daga asibiti ta yi shi," ya ce. "Da ƙyar nake jin ta. Na ce ta zo, uwata, na cika har wuya. Ta ce to."

Anasuya tana asibitin a ranar. Ta tuna Haima ta aike ta neman ruwan kwakwa, ta dawo ta tarar da wayar a kan ƙirjinta. Ta dafa buhun shinkafa ta zauna a kai. Ta tambaye shi me ya sa bai faɗa mata ba da ya zo makoki. Ya ce an ce kada ya faɗa wa kowa, ba a kuma zo an ce ya daina ba. Shi dai ya ci gaba da cikawa.

Mujtaba ya sa safar hannu mai kauri ya cire murfin. Farin hayaƙi ya malalo ƙasa ya bi ƙafafunsu. Ya jawo maƙalin mai jan zare a hankali, ya ɗaga shi daidai wuyan tulun, ya ƙirga da ido. Shida. A jikin kowace akwai rubutu da baƙin alƙalami, ƙanana masu karkata hagu. Anasuya ba ta iya karanta su ba, amma ta san hannun tun yana rubuta mata sunayen masu sayen nono a bangon kicin. Mujtaba ya mayar da sauri ya rufe, ya zauna a kan dugadugansa, ya goge ido da kafaɗa don hannuwan suna cikin safa.

Sarda ya ce a zuba su duka a ƙaramin tulun a sa a mota. Anasuya ta ce huɗu.

Ya ce kayan kamfani ne. Ta ce ba ta musa ba, kuma kamfanin ne ya kashe nasa. Huɗu za su tafi, biyu su zauna inda suke har sai ya sama musu wani gida na biyu da na uku, a rubuce, da sa hannunsa, yadda yarinyar ta roƙa. Ya ce ita wa ta ba ta kujera a kamfanin da za ta kafa masa sharaɗi? Ta ce ba ta da kujera, a kan buhu take zaune, kuma ɗakin ƙanenta ne. Komurayya ya jingina da ƙofa ya naɗe hannu, ya cika ta gaba ɗaya. Sarda ya juya ga Mujtaba, Mujtaba ya ce shi ma huɗu zai ɗauka ko da ba a ce ba, don hanya tana da nisa kuma mota mota ce.

Sarda ya sa hannu a aljihu ya ce to a bar shi ya biya mutumin nan wahalarsa. Komurayya ya ɓata rai. Ya ce ya ji an ce shi babban ɗan kasuwa ne, amma a garinsu ana sayar da irin kindirmo? Na bijimi yana sayarwa, wannan sana'a ce. Wannan kuwa ajiyar 'yar yayarsa ce. Sarda ya tsaya da hannu a aljihu kamar wanda ya shiga gidan da ba nasa ba. Ya fito da shi babu komai. Ya ce huɗu.

A hanyar komawa Mujtaba ne ya rungume tulun. Ya gargaɗe su kada su yi murna tukuna, sai an tashe shi an gani. Kuma ko ya tashi, sai an yi watanni ana gwaji, sai kuma an gaya wa hukumar magani gaskiyar inda ya kwana shekara shida, don ba a yi musu ƙarya. Wannan takardar sunan Madam zai fito a ciki. Anasuya ta kalli ƙeyar Sarda. Ya ce a rubuta yadda aka yi, a kuma rubuta cewa ta nemi izini sau uku, wani mai awon yadi ya hana. Shi zai sa hannu a ƙasa.

Kwana uku ta jira. Ba ta je ko'ina ba, ba ta kira kowa ba. Ranar Litinin da safe motar kamfani ta zo ɗaukarta. Aka kai ta wani dogon baranda mai tagar gilashi, ta ciki mutane cikin fararen kaya har ka suna kai da komo. Sarda yana can ƙarshen barandar a tsaye, ma'aikata sun cika bayansa, har da mai kula da injuna, wanda ya rakuɓe a jikin bango idanunsa a kumbure. Anasuya ta yafuto shi ta ce ya matso inda zai gani.

Mujtaba ya fito da mazubin gilashi mai faɗin gindi, an toshe bakinsa da auduga. Ranar Juma'a ruwan ciki garau yake kamar shayi marar madara, in ji shi. Yanzu ya yi kauri ya yi fari-fari kamar ruwan shinkafa. Ya ce sun duba shi a madubin ƙara girma, shi ne, shi kaɗai, babu baƙo. Wannan mazubin na gwaji ne, ba zai koma ciki ba. Ya cire audugar ya miƙa mata.

Ta kai hanci. Wari ne kamar na ƙullun da ya kwana, da ɗan zaƙi-zaƙi a ƙarshe. Shekara goma sha huɗu wannan warin yana shigowa gidanta da yamma a gashin Haima da zaninta, tana yi mata faɗa ta je ta yi wanka kafin ta taɓa abinci. Wata goma ta bi zannuwan da ke akwati ɗaya bayan ɗaya tana nema, duk sun koma warin sabulu. Ta riƙe mazubin da hannu biyu ta daɗe a haka, ba wanda ya ce ta yi sauri.

Sannan ta ɗan karkata shi ta ga yadda yake bin gilashin, kamar yadda take duba tukunyarta kowace safiya.

"Ya kama," ta ce.

Sarda ya fyace hanci a hankicinsa da ƙarfi. Ya ce shekara goma sha huɗu bai taɓa cin 'yar mai nono a gardama ba, ga shi ta tafi ma ba ta bar shi ba.

An kafa haruffan tagullar bayan wata biyu, an ɗan makara don Anasuya ta ce a ƙara layi ɗaya da rubutun Telugu, wanda ita za ta iya haɗawa. Ranar ta je da tukunyarta, don Juma'a ce. A ƙofa sabon mai gadi ya tare ta ya ce an ba su umarni, yanzu har tukunya ana buɗewa. Ta kwance masa ƙyallen da kanta.